Wainar Lambu: Ƙwai da Cukwi a Tukunyar Yashi

Jawabin da mai kula da ɓangaren girke-girke na ƙungiyarmu ta gabatar ranar bikin zagayowar kafa ƙungiya, bayan liyafar hantsi. Mun buga shi kamar yadda ta faɗa, sai ɗan gyara kaɗan, saboda waɗanda ba su samu zuwa ba da waɗanda suka ce a rubuta musu awon.



Uwar ƙungiya, Hajiya Shugaba, Ma'aji da Sakatariya, iyayena, yayyena da ƙannena, da 'ya'yanmu da ke can baya suna leƙen kuloli, barkanmu da ganin wannan rana. Allah Ya maimaita mana. Waɗanda muka fara tafiyar nan da su ba su kawo yau ba, Allah Ya jiƙansu, Ya kyautata namu zuwan. Allah Ya ƙara wa Mai Martaba Sarkin Daura lafiya da nisan kwana, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

An ce in yi magana a kan abin da kuka ci ɗazu, wannan mai kama da yankan kek amma da gishiri. Tun ina bakin ƙofa mutum shida suka tare ni. Wata ta ce mitfai ne aka manta ba a rufe ba. Wata ta ce wainar ƙwai ce ta samu gida. Inna kuwa cewa ta yi, "Ke 'yar nan, mene ne wannan fari-farin a ciki, awara ce ko me?" To kowacce ta taɓo gaskiya. Ɓawon ƙasan kwaɓin mitfai ne, cikin ƙwai ne da madara da kayan lambu, farin kuma cukwi ne da na yi jiya da daddare a ɗakin girkina.

Masu abin, wato Faransawa, suna kiransa kish. Ranar da na fara faɗin sunan a gidanmu, abokiyar zamana ta ce, "A'a, mu dai a gidan nan an daina kishi, kar ki dawo mana da shi a faranti." Tun daga ranar na bar sunan, na koma cewa wainar lambu. In wata tana da sunan da ya fi wannan, ta kawo, ba a yanka rago ba tukuna.

Asalinsa daga wani yanki ne da ake kira Loren, a arewa maso gabashin Faransa, kan iyakarsu da Jamus, kamar dai yadda muke kan iyaka da Nijar. Sunan ma daga kalmar Jamusanci ya fito, wadda ke nufin kek. Na asalin ƙwai ne da kirim ɗin madara da naman alade, ba cukwi ma a ciki, daga baya aka ƙara. Don haka in Allah Ya kai ɗayanku ko 'ya'yanku ƙasashen nan aka miƙo muku, ku tambaya kafin ku kai baki. Mai kayan lambu da cukwi shi ne wanda ya dace da mu, kuma su can suna yin sa idan sanyinsu na ƙanƙara ya wuce, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ganye ke fitowa sabo. Mu kuwa wannan lokacin shi ne bazararmu, ko kaza buɗe baki take yi don zafi. Namu lokacin ganyen shi ne hunturu zuwa farkon bazara, daga Disamba zuwa Maris, sa'ad da 'yan lambu ke kwasa.

Ni ba a Faransa na koya ba, ko Legas ban taɓa zuwa ba. A Damagaram na koya, wajen goggona. Mijinta, Allah Ya jiƙansa, ya yi shekaru yana kuku a gidan wani Bafaranshe, ita kuma ta ɗauka a wajensa ta juya abin ya koma namu. Kun san hanyar, daga nan Kongolam, a tsallaka, a bi ta Matamaye. Na je mata zaman wata guda bayan wata haihuwa, na dawo da cukwi a ƙunshe da wannan girki a ka.

Yanzu me ya kawo maganar girki cikin taron ƙungiya, ba a bar ta a madafa ba? Abu biyu ne.

Na farko, kowace shekara muna kallon abu guda da idonmu. Da yawa cikinmu mazajenmu ko 'ya'yanmu suna noman rani, wasu a fadamu, wasu wajen madatsun ruwa na Daberam da Sabke. Idan kaya ya zo, tare yake zuwa. Tumatir, tattasai, albasa, karas, kabeji, alayyahu, duk a mako ɗaya. Kwandon da aka yi wata uku ana ba shi ruwa da fetur mai tsada, tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, sai a sayar da shi yadda dillali ya ga dama, don in ya kwana biyu ya zama na zubarwa. Muna yanka wani mu shanya kauɗa, alhamdu lillahi, amma alayyahu da lawashi da tattasan da ya fara laushi fa? A ɗaya gefen kuma akwai 'yan'uwanmu masu kiwon kajin gidan gona. Ƙananan ƙwai na sabbin kaji, masu shago ba sa so, sai sun karya kuɗin kiret. Waɗannan kaya biyu da kasuwa ke rainawa, su ne cikin wannan waina.

Na biyu, kun san maganar da ke gaban kwamiti, ta a ci bashi a sayi babban obin mai gas don 'yan ɓangaren gashi. Ina da ra'ayi a kai, zan faɗe shi a ƙarshe a gaban kowa, don kada a ce na faɗa a bayan fage. Amma ku riƙe wannan tukuna: duk abin da kuka ci yau, faranti goma sha biyu, a tukunyar yashi aka gasa shi, da gawayi.

Bari in fara da cukwi, don shi ne aka fi tsoro. Da an ce cukwi sai hankalin mutum ya tafi kan wannan rawayan na manyan kantunan Kano, mai narkewa yana ja kamar ƙaro. Wancan yana da daɗi, ban musa ba, amma yana da tsada, kuma ba ya zama sai da firji. Wa ke da wutar da za ta riƙe firji a cikinmu? Ku ɗaga hannu in gani. To kun gani.

Muna da namu iri biyu. Akwai busasshen cukwi na Nijar, na Buzaye da Fulani, wanda kuka sani, fale-fale kamar takarda, da zanen tabarmar da aka shanya shi a jikinsa. Wanda ake ci da shayi, ko a daka a zuba a fura. Wannan yana yin watanni bai lalace ba. In za ki sa shi a waina, ki daka shi sama-sama, ki jiƙa shi da ɗan madara mai ɗumi kamar minti ashirin. Ɗanɗanonsa ya fi ƙarfi, kaɗan ya isa. Sai dai ba kullum ake samunsa ba. Kun tuna lokacin da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 har Disamban 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024. Abin da sai ya tsallako boda ba a ɗora sana'a a kansa kacokan.

Shi ya sa na fi dogara da ɗanyen cukwi, wanda za ki yi da hannunki. Ki samu madara lita ɗaya, ki ɗora a wuta kina juyawa har ta tafasa. Ki sauke, ki bar ta ta ɗan huce na minti biyu, sai ki zuba ruwan lemon tsami cokali uku na cin abinci, kaɗan-kaɗan, kina juyawa a hankali. Za ki ga ta tsinke, fari ya haɗu wuri guda, ruwa mai ɗan kore-kore ya ware. In ruwan yana nan fari kamar madara, tsamin bai isa ba, ki ƙara rabin cokali. Ki juye a ƙyallen tatar koko mai tsabta, ki ɗauraye da ruwa kaɗan don tsamin ya ragu, ki barbaɗa gishiri, ki ɗaure, ki ɗora turmi ko dutse a kai na awa ɗaya. Duk mai yin awara a nan ta riga ta iya, aikin ɗaya ne, waken suya ne kawai aka musanya da madara. Ruwan da ya tsane kuma kada ki zubar. Ki kwaɓa fulawa da shi, ko ki dama kunu.

Fulani suna tsinka tasu madarar da tumfafiya. Nasu ya fi laushi, gaskiya. Amma su sun san awonsu tun kaka da kakanni, kuma kun san abin da nonon tumfafiya ke yi wa ido. Mu da yara ke zagaye da mu a madafa, mu tsaya a kan lemon tsami.

Ga wata matsala da ba zan ɓoye muku ba. Lokacin da lambu ya cika, lokacin ne madara ke ƙaranci. Ciyawa ta bushe, shanu da yawa sun yi kudu, waɗanda suka rage kuma ba sa ba da yawa. Sannan 'yar Fulani nono da kindirmo take kawowa gari, ɗanyar madara sai kin yi magana da ita tun jiya, kin kuma ba ta kafin alƙalami. In ba ki samu ba, madarar gari mai maiƙo tana yi: ki dama ta da kauri fiye da na shayi, ki bi ta hanyar da na faɗa. In ita ma ta yi tsada, ki sa awara. Na gwada, na ba maigida bai gane ba sai da na gaya masa, sannan ya ce ai dama ya ji wani abu-wani abu. Ki dai faɗa wa mai saye gaskiya cewa ta awara ce, ki kuma rage masa kuɗi. Da damina abin sai ya juya: madara ta wadata, ƙwan zabi ya fito, kayan lambu kuma sun yi tsada. A nan sai ki koma kan zogale da alayyahu da albasa. Zogalen ki tafasa shi tukuna ki matse, kamar za ki yi kwaɗo.

Sai ɓawo. Awona da gwangwanin madara ne, ƙaramin nan da kowa ke da shi. Fulawa gwangwani biyu, bota cokali bakwai, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ki murza su da 'yan yatsu har su koma kamar garin dambu. Sai ruwa mai sanyi, na randa, cokali uku ko huɗu, ki haɗa kwaɓin ya dunƙule kawai. Kada ki cuɗa shi kamar na biredi ko na fanke. In kin wahalar da shi zai rama, ya fito da tauri kamar ƙirgi. Ki rufe shi, ki ajiye a gindin randa na rabin awa. Man shanu ma yana yi, ƙamshinsa ma ya fi, amma ɗanye, ba soyayye ba, kuma da sassafe kafin rana ta narkar da shi. Bayan ya huta sai ki murza shi da kwalba mai tsabta, kaurinsa kamar na mitfai ko ƙasa da haka, ki shimfiɗa a gwangwanin kek mai faɗin kamar taƙi ɗaya, ya hau gefe kamar gaɓar yatsa biyu. Ki tsattsaga ƙasan da cokali mai yatsu.

A nan ne mutane ke yin gaggawa su zuba ƙwai. Kada ki yi. Ɓawon nan sai an fara gasa shi shi kaɗai. Ki shimfiɗa farar takarda a kai, ki zuba busasshen wake ya danne shi don kada ya kumbura, ki gasa minti goma sha biyar. Ki kwashe waken, ki mayar na minti biyar ya bushe. Waken ki adana shi a kwalba, shi za ki riƙa amfani da shi kullum, ba ya dafuwa kuma bayan haka. Da zafinsa ki shafa ɗan ƙwai a ƙasan, zai toshe ramukan.

Na san dalilin da ya sa nake nanata wannan. Farkon yin da na yi a nan Daura, ranar sunan jikata ne. Na ce bari in burge dangin miji da girkin Damagaram. Na yanka tumatir da alayyahu ɗanyu, masu kyau, na zuba a ɗanyen kwaɓi, na bi da ƙwai. Da na buɗe tukunya sama ya yi ja gwanin sha'awa. Ina sa wuƙa sai ruwa ya biyo ta, ƙasan kuwa ya zama kamar tuwon da bai nuna ba. Cokali aka sa aka ci, waɗanda suka ci ɗin. Har yau akwai wadda in ta gan ni sai ta ce, "Yaushe za a sake yi mana faten nan na Faransa?"

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, duk wahalar girkin nan ruwa ce. Alayyahu da tumatir kusan duk jikinsu ruwa ne. In ba ki fitar da shi a kasko ba, zai fita a cikin wainarki. Don haka albasa biyu matsakaita, ki yanka ki soya a mai cokali biyu, a wuta kaɗan, har ta yi laushi ta fara zaƙi. Ki zuba tattasai biyu, attarugu ɗaya ko biyu gwargwadon bakin gidanku, karas ɗaya da aka goge, da tafarnuwa. Alayyahu cike da hannu biyu, ki sa shi a ƙarshe, da ya kwanta ki sauke. Ki juye a rariya, ki danna da bayan ludayi, ki bar shi ya huce sarai. Tumatir kuwa ba ya shiga ciki. Ki yanka shi zagaye-zagaye, ki cire 'ya'yan, ki barbaɗa gishiri, ki jera a kan ƙyalle ya tsane. A sama za ki jera shi, don ado da kuma don wuta ta busar da shi. Kabeji in za ki sa, shi ma sai an soya shi sosai, in ba haka ba warinsa zai danne komai.

Ruwan ƙwan kuma, ƙwai huɗu, in ƙanana ne biyar, in na zabi ne shida. Kowanne ki fasa shi a kofi daban kafin ki haɗa, kada bara-gurbi ɗaya ya ja miki asarar duka. Madara dafaffiya wadda ta huce, gwangwani biyu ba cika ba. In kindirmo gare ki, ki yi rabi kindirmo rabi madara, ki ƙara fulawa cokali ɗaya don kada ya tsinke. Gishiri, masoro, dunƙule ɗaya, da ɗan gyaɗar ƙamshi a bakin wuƙa. Ki kaɗa ya haɗu kawai, ba sai ya yi kumfa ba. Sai jeri: cukwi cikin gwangwani guda, a marmasa, rabi a ƙasa, kayan lambu a kai, sauran cukwin, sannan ki zuba ruwan ƙwai a hankali, ki bar ɗan wuri kada ya cika ya zuba. Tumatir a sama. Ku sani irin cukwinmu ba ya narkewa, zai zauna fari-fari yadda kuka gani. Ba kuskure ba ne, halinsa ne.

Tukunyar yashi kuwa masu yin kek sun san ta, amma akwai ƙananan yara a nan da suka tashi suka ga obin a waya kawai. Babbar tukunya mai kauri, wadda kika daina girki da ita. Yashin rafi, a wanke, a shanya ya bushe ƙayau, a zuba kaurin yatsa uku. Ki dasa ƙananan duwatsu uku ko gwangwanaye a kai, don gwangwanin gashin ya zauna a kansu, kada ya taɓa yashi. Ki rufe, ki ɗora a kurfoti minti ashirin kafin ki sa komai. Ni yadda nake gwada zafin, ina barbaɗa fulawa a kan murfin gwangwani in sa a ciki. In na dawo bayan minti biyu na tarar ta yi ruwan ƙasa mai haske, ya yi. In ta yi baƙi, in rage gawayi. In tana nan fara, in ƙara jira. Mai obin kuma ta sa a maki 180.

Bambancin wannan da kek shi ne yana son wuta daga sama. Bayan minti ashirin ki kwashi garwashi kaɗan daga ƙasa ki zuba a kan murfi. Gaba ɗaya minti talatin da biyar zuwa arba'in. Kada ki yi ta buɗewa kina leƙe kamar mai jiran baƙo, kowane buɗi zafi ne ke fita. Alamar ya nuna, in kin girgiza gwangwanin gefe ya tsaya cak, tsakiya tana ɗan motsi kaɗan, kuma wuƙa ta fito ba ruwan ƙwai a jikinta. In kin bar shi ya wuce haka, ƙwan zai ƙanƙance ya matso ruwansa, ki koma gidan jiya. Ki sauke, ki ba shi minti goma sha biyar kafin ki yanka. Faranti ɗaya yanka takwas.

Yanzu maganar da ta fi nauyi. Iyayena, wannan ba cincin ba ne, ba dubulan ba ne, ba alkaki ba ne da za a zuba a bokiti a kai gara ya yi wata. Ƙwai ne da madara. Madarar shanu dole a tafasa ta, ko ta rugar da kika fi yarda da ita ce, don ana ɗaukar tarin fuka da cutar nan mai sa shanu ɓari ta ɗanyar madara. Ƙwan da ya fashe a kiret ya kwana, ko kyauta aka ba ki kada ki sa. Na ce ƙananan ƙwai, ban ce fasassu ba. Wanda kike shakka ki sa shi a ruwa, in ya taso sama ki jefar. Bayan an gasa kuma, ƙa'idar masana lafiyar abinci ita ce irin wannan kada ya wuce awa biyu a ajiye ba firji, in ana tsananin zafi ma awa ɗaya. Na taɓa yin ganganci a watan Afrilu, na gasa da asuba, na rufe da zafinsa a kula, yarinya ta kai wa wata mai oda bayan la'asar. Ta dawo mini da shi ya yi yami. Na mayar mata da kuɗinta, na ba ta haƙuri, amma har yau ba ta sake saye ba, kuma ba na ganin laifinta. Allah Ya tsare ba wanda ya ci. In da yaro ne ya ci ya kwanta, ba sunana kaɗai zai ɓaci ba, na ƙungiya ne.

Saboda haka wannan ba kayan talla ba ne. Kada wadda ta ɗora wa yarinya a tire ta yi ta yawo da shi a rana. Kayan oda ne: a faɗa miki tun jiya, ki gasa, a karɓa a ci. Masu sayensa suna nan. Akwai walima da kamu da suna, inda ake neman abin da za a sa wa manyan baƙi a faranti ban da samosa da mitfai. Akwai ma'aikata da malamai da ɗalibai da suka ƙaru a garin nan tun da aka buɗe Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri, mutanen da ke fita ba su karya ba, sai hantsi yunwa ta kama su. Sannan ga azumi. Na 2025 a Maris ya kama, na 2026 daga Fabrairu zuwa Maris, kuma kowace shekara yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya. Ke nan shekaru masu zuwa a tsakiyar lokacin lambu da sanyi za a riƙa yin sa. A gasa bayan la'asar, a sha ruwa da shi da ɗuminsa.

Mazan kuwa, in gaya muku, tambayarsu ɗaya ce: ina naman? In mai oda ya ce a sa, ki barbaɗa dambun nama ko kifi busasshe da aka gyara, ki ƙara kuɗi. Kuma ki haɗa da ɗan ƙullin yaji. Bahaushe ko me ka ba shi sai ya nemi yaji.

Lissafin kuɗi ba zan ba ku adadi ba, don kafin Sakatariya ta buga takardar nan farashin fulawa ya sauya sau biyu. Ga dai yadda nake yi. Ki rubuta komai da farashin ranar: fulawa, bota, ƙwai, madara, lemon tsami, mai, gawayi, leda ko takardar naɗi, da kuɗin mashin ɗin da zai kai. Kayan lambu ko daga gonar maigida ne ki sa musu kuɗi, ƙwai ko na kajinki ne ki sa musu kuɗi. Nan ne muke cutar kanmu, mu ce ai na gida ne, ƙarshen wata mu rasa inda jari ya shiga. In yanka biyar cikin takwas ba su mayar miki da abin da kika kashe ba, kada ki hura wutar. Ukun da suka rage su ne ladan hannunki da abin zubin adashi.

To, maganar obin. Hajiya Shugaba, a gafarce ni, ni ban goyi bayan a ci bashin nan bana ba. Ba don obin ba shi da amfani ba. Yana da shi, zai ɗauki faranti shida inda tukunya ke ɗaukar ɗaya, kuma zai hutar da bayanmu. Amma bashi ba ya jiran oda. Ranar biya in ta zo, ko an saya ko ba a saya ba sai Ma'aji ta nemo, kuma daga asusun da zawarawanmu da marayunmu ke jingina za ta ɗauko. Ga gas da kullum kuɗinsa ke hawa. Har yanzu ba mu san mutum nawa ne a garin nan za su ci wainar lambu sau ɗaya don kwaɗayi, nawa ne za su dawo ba. Ni kaina masu sayena na kullum ba su kai yatsun hannu biyu ba. Da haka za a je a sa hannu a takardar bashi?

Abin da nake roƙo shi ne a ba mu kakar lambu ɗaya. Mata goma, kowacce da tukunyarta da yashinta, awo ɗaya, farashi ɗaya. Masu kaji su ba mu ƙananan ƙwai a kuɗin da za a yi yarjejeniya, masu lambu su kawo kaya kafin ya kai ga dillali, mutum biyu su riƙe yin cukwi. Kowace oda a rubuta ta a littafi ɗaya wajen Sakatariya, har da wadda aka dawo da ita da dalilin dawowar. Idan kaka ta ƙare a kawo littafin nan gaban taro a karanta. In ya nuna tukwane sun kasa ɗaukar oda, ni da kaina zan miƙe in ce a sayi obin, in kuma fara zuba nawa kason.

Wadda take so ta shiga cikin goman ta ba Sakatariya sunanta kafin a tashi. Za mu haɗu a gidana ranar Asabar ta sama da ƙarfe tara na safe. Kowacce ta zo da ƙwai huɗu, da gwangwanin kek ɗinta, da ƙyallen tata. Yashi da gawayi da madara ni zan tanada. Inna, ke ba sai kin kawo komai ba, ki zo ki ɗanɗana ki faɗa mana gaskiya yadda kika saba.

Abin da na faɗa daidai Allah Ya amfanar da mu, inda na yi kuskure a yafe mini.